Saura sati shida a yi awo, kilo tara ya tsaya min a gaba: ina neman shawarar masu taekwondo

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa hawa sikeli ranar awo gabansu na faɗuwa, don su ne za su fi gane halin da nake ciki.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada a nan Zariya, shekarata 31. Ina ɗan shekara 15 na fara taekwondo, wani yayanmu da ke karatu a Samaru ne ya fara jana zuwa inda suke atisaye. Shekara takwas na yi ba fashi, har na ɗaura baƙin bel, ɗamarar ƙwararru. Duk tsawon lokacin nan nauyina bai taɓa haura kilo 67 ba, ajin 'yan ƙasa da 68 nake shiga. Sai Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, shago ya dawo hannuna, aure ya zo, yara biyu suka biyo baya. Na ninke kayan wasa na sa a ƙasan akwati da niyyar wata uku. Shekara takwas suka yi a wurin.

Wanda bai taɓa zaman keke ba ba zai gane ba. Daga takwas na safe har bayan isha'i kana kan kujera ɗaya, salla ce kaɗai ke tayar da kai. In ɗinkin Salla ya kankama kuwa sai mu kai asuba, kuma abin da ke riƙe mu shi ne shayi mai kauri da madara, indomi biyu da ƙwai wajen ɗayan dare, da lemon roba mai sanyi, wata rana har uku. Ban farga ba sai ranar da na zo yanka wa kaina wando, na zagaya tef a ƙugu na ga inci 39. Ni da nake yanka 30.

Wata huɗu da suka wuce na kai ɗana na fari in sa shi a wasan. Tsohon kocinmu yana nan, ya gane ni, ya ce in na kawo yaro na zauna a benci to benci yaron zai koya. Washegari na fito da kayana. Ranar farko sikeli ya nuna 92, yanzu ina 89, tsayina santimita 173. Dabarar tana nan a kaina, ina ganin ƙofa a jikin abokin karawa kamar da, amma kafin ƙafata ta isa ƙofar ta rufe. Zagayen farko na minti biyu ina iya jurewa, a na biyu haki ya fara, a na uku hannuwana sun sauka ba na iya kare kaina. Gwiwar hagu kuma tana min zogi duk lokacin da na dira daga tsalle.

To yanzu akwai wata gasa a Kaduna nan da sati shida, kuma raina ya biya sosai. Ina so yarona ya gan ni a fili ko sau ɗaya ne. Matsalar ita ce da wannan nauyi cikin manya zan faɗa, su kuwa dogaye ne, mutum zai taɓa kaina da ƙafa ni ban ko kusa da shi ba. Shi ya sa nake son in sauka ƙasa da 80.

Satin da ya wuce wani abokin atisaye ya ce in sa leda a ciki, in ɗora rigar sanyi, in yi gudu da rana. Na yi, daga Tudun Wada na bi ta Ƙofar Doka na dawo, cikin wannan zafin na bazara. Da na hau sikeli kilo biyu ya tafi, na yi murna ƙwarai. Amma a sallar la'asar da na ɗago daga ruku'u sai da na dafa bango, fitsarina ya koma kalar shayin da ba madara, kuma zuwa daren washegari kilo biyun ya dawo cif. Yanzu shi abokin nawa ya ce akwai wata ƙwayar fitsari da ake samu a kemis, a sha kwana uku kafin awo. Ban saya ba, jikina bai ba ni ba. Don Allah wanda ya sani ya gaya min gaskiya, kilo tara cikin sati shida abu ne mai yiwuwa ba tare da na cuci kaina ba? Kuma me zan riƙa ci, ni da abincin gidanmu tuwo ne da shinkafa da ɗan wake?

Baba Koci, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta bayaninka sau biyu. Na fi shekara ashirin ina tsayawa a bakin sikeli da yara, don haka zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba: ka cire 80 daga ranka a wannan gasar.

Bari mu yi lissafi irin naku na teloli, a auna kafin a yanka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kilo tara ya kama 69,300 ke nan. Raba shi gida 42, kwanakin da suka rage maka, za ka ga kullum sai ka ci abin da ya gaza buƙatar jikinka da kalori 1,650. Wannan ya fi rabin abin da namiji irinka ke ƙonawa a yini. Mutumin da ke wannan yunwar ba zai iya ɗaga ƙafa ya kai kan wani ba, balle ya kwana yana taka keke. Kuma jiki in ya matsu haka ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsokar cinyar da kake shuri da ita yake haɗawa. Abin da muke nema ga ɗan wasa shi ne rabin kilo a sati, in an matsa a kai kusa da kilo ɗaya. Cikin sati shida kilo uku zuwa biyar ke nan. Za ka tsaya wajen 85.

Shi ya sa abu na farko, tun kafin ka canza ko da cokali ɗaya na abincinka, ka je ka tambayi kocinka da wane tsarin aji za a yi gasar. Mutane da yawa ajin Olamfik suke riƙewa a ka, wato 58, 68, 80 da sama da 80, guda huɗu. A wannan na ƙarshen ne Chika Chukwumerije ya ciwo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008. Amma tsarin gasar duniya aji takwas ne ga maza: 54, 58, 63, 68, 74, 80, 87 da sama da 87. In da takwas za a yi, to kilo biyu da 'yan kai ne tsakaninka da ajin 87, ba tara ba. Ka ga duk wannan tashin hankalin wataƙila tambaya ɗaya ce za ta kashe shi. In kuma da huɗu za a yi, ni dai da ɗana ne kai, sai in ce ka je ka yi kallo, ka riƙe wa ƙannenka ruwa da tawul, ka jira ta gaba.

Kilo biyun da ka ga ya tafi ranar leda, ruwa ne zalla. Kitse ba ya fita ta gumi. Ruwan nan kuma daga jininka da tsokarka ya fita, shi ya sa ka dafa bango. Da zarar mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, numfashinsa da saurinsa sun fara raguwa, kai kuwa ka haura hakan a yini ɗaya. Ka tuna wasanmu ana dukan kai. Mutumin da ya bushe, idonsa ba ya bin ƙafa da sauri, hannunsa ba ya tashi a kan kari.

Maganar abinci, ba sai ka bar tuwo ba, kuma ba sai ka sayi wani garin gwangwani mai tsada ba. Fara da lemon nan. Roba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi goma sha biyu. Uku a yini ka lissafa da kanka. Ka daina shi gaba ɗaya, ka ajiye gorar ruwa kusa da keke. Shayi ka rage masa sukari da madara. Indomin dare ka mayar da shi dafaffen ƙwai biyu ko gyaɗa cikin tafin hannu. Tuwo in malmala uku kake ci ka koma biyu, ka ƙara miya, kuka ko kuɓewa ko taushe, ka roƙi maiɗakinka ta sassauta hannu a mai, don babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne. Ɗan wake ba laifinsa ba ne, man da ake malala masa ne. Wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari, awara, zogale, waɗannan su za su riƙe maka tsoka yayin da kitse ke sauka. Kada ka tsallake karin safe ka zo atisaye da yamma ciki ba komai.

Sai gwiwa. Kowane kilo da ka ƙara, gwiwa tana jin kusan ninkinsa huɗu a kowane taku, tafiya ma ke nan ba tsalle ba. Kilo 22 ka ɗora wa gwiwar da ta saba da 67. Ka bar shurin tsalle da gudu a kan kwalta na wata biyu. Bayan asuba ka yi tafiya mai sauri ta minti arba'in, ko ka hau keken hawa in kana da shi. Numfashin zagaye na uku kuma a kan fad ake gina shi, wato matashin da ake riƙe maka kana duka: minti biyu kana duka ba tsayawa, minti ɗaya hutu, ka fara da zagaye uku, duk sati ka ƙara ɗaya har ka kai shida. Wanda ya saba da shida, uku ba za su sauke masa hannu ba.

Kuma kai da tef a wuya kullum, me ya haɗa ka da hawa sikeli safe da yamma? Santimita 173 inci 68 ne. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce ƙugu kada ya wuce rabin tsayi, naka 34 ke nan. Ka auna daidai cibiya duk safiyar Juma'a kafin ka ci komai, ka rubuta a littafin da kake rubuta awon mutane.

Ɗan Samaru:

Baba Koci Allah ya ƙara girma, amma ni dai na sha yi kuma lafiyata ƙalau. Nauyina 61, a 58 nake shiga. Kwana uku kafin awo nake rage ruwa da gishiri, in sa rigar leda, in yi ta tofar da yawu. Tunda awo ana yin sa ne ana gobe wasa, da daddare sai in ci in sha in dawo daidai. Kowa haka yake yi. Yaya tela in ka daure za ka iya.

Baba Koci, Sabon Gari:

Yaro, kai kilo uku kake cirewa kana ɗan ashirin da wani abu, shi tara ake magana yana da 31, bayan shekara takwas a zaune. Ba ɗaya ba ne. Kai ma ɗin ban yarda da abin da kake yi ba. Kuma ka sani a manyan gasanni yanzu akwai awon ba-zata da safen ranar wasa, in sunanka ya fito ka haura ajinka da fiye da kashi biyar cikin ɗari an cire ka. Ɗan 58 iyakarsa 60.9. An kawo dokar ne saboda irin wannan ɗabi'ar.

Anti Nas:

Salamu alaikum. Ni ba 'yar wasa ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, ƙanena ne yake judo shi ya sa nake leƙowa nan. Malam tela, maganar ƙwayar nan ce ta hana ni wucewa.

Abin da abokinka yake nufi maganin sa fitsari ne, irin su furosemide. Likita yana rubuta shi ne ga mai ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta wanda ruwa ya taru masa a jiki, kuma ana ba shi ana bibiyar jininsa. Ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, yana tafiya da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. In ya yi ƙasa sosai tsoka tana ɗaurewa, zuciya tana iya rikicewa. Ka haɗa wannan da leda da rana irin ta watan Afrilu a Zariya, ka ga ƙoda ce za ta fara biya. Fitsarin da ka ce ya koma kalar shayi gargaɗi ne, kada ka sake kai kanka wurin. In ya ƙara faruwa bayan atisaye mai tsanani, ga ciwon tsoka, kuma ka sha ruwa bai washe ba, asibiti za ka nufa a ranar. Bayan haka ma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta wannan rukunin magani ga 'yan wasa.

Ɗan Samaru, ƙanena, "lafiyata ƙalau" ba hujja ba ce. A ƙarshen 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka cikin 'yan makonni, dukkansu suna ƙoƙarin sauke nauyi kafin awo, samari ne masu ƙarfi. Bayan nan ne aka hana rigunan roba da ɗakin gumi a kokawar jami'o'insu. A Disambar 2015 wani ɗan wasan faɗa ɗan ƙasar Sin, Yang Jian Bing, ya rasu a Manila yana da shekara 21 a kan wannan dalilin. Su ma kafin ranar sun sha yi suna tashi.

Haka shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, da yawansu gudawa kawai suke sa mutum, ya ga sikeli ya sauka ya ɗauka magani ya yi aiki.

Abin da zan roƙe ka Malam, ka je a auna maka hawan jini da sukari kafin ka ƙara matsa wa kanka. Ƙugu inci 39, zama yini guda, lemo uku, ya kamata a duba. Ban san me ya yi ajalin Baba ba, Allah ya jiƙansa, amma in yana da ɗaya daga cikin biyun nan ka faɗa wa likitan. Gwiwar ma a nuna ta in tana kumbura ko tana sarƙewa.

Ɗan Mahauta, Ƙofar Gayan:

Ni lissafin kalori ban iya shi ba, dambe na gada. A gidanmu ba mu tashi mun ga sikeli a fili ba, ido ne ke haɗa mutane, a duba a ce wannan sa'an wannan ne. Kuma na sha ganin siririn yaro ya kashe ƙato a turmi na biyu, ba don ya fi shi ƙarfin hannu ba, sai don ƙaton ya buɗe baki yana neman iska, hannun tsaronsa ya sauka. Da ka ga mutum ya fara numfashi ta baki to ka matsa, ƙasa ta kusa kiransa.

Amma Malam tela kada ka raina jikin da kake da shi yanzu. Kana ta kukan 67 kamar shi ne kai. Wancan jikin yaro ne. Magidanci ba ya komawa jikin ɗan shekara ashirin, kuma ba dole ba ne. Nauyi in ya zauna a cinya da kafaɗa dukiya ne, in ya zauna a tumbi ne yake zama kaya. Ni kilo 84 nake, ban taɓa jin na yi wa kaina nauyi ba, saboda kullum da sassafe ina ɗaukar cinyar sa a kafaɗa. Matsalarka kujera ce. Duk awa ɗaya ka tashi daga keken nan ka yi tsugunno goma in gwiwa ta yarda, guga ka yi ta da kanka a tsaye, aiken zare da maɓalli ka daina tura yaro, ka taka. Ran Lahadi ka zo mu je Kufena mu hau a hankali, ka ji yadda ƙirji ke buɗewa. Ni nan na fi yarda da shi a kan duk wani injin gudu.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in dawo da abin da na aikata, ba da alkawari ba.

Baba Koci, na tambaya. Da aji takwas za a yi, akwai 87. Wallahi da na ji sai da na zauna, na tuna gudun da na yi cikin leda a kan abin da ban ko bincika ba. Kocinmu ya ce zai sa sunana amma da sharaɗi, sai ya ga na yi zagaye biyar a kan fad hannuna bai sauka ba, in ban kai ba sati biyu kafin gasa zai cire ni. Na amince. Jiya na yi huɗu, na huɗun da ƙyar.

Anti, na je an auna. Sukari lafiya, amma jini ya nuna 142 bisa 90. An ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, in dawo sau biyu a ranaku daban, in rage gishiri da dunƙulen miya, kuma likitan ya ce in ci gaba da atisaye amma ban da leda. Tambayar da kika yi ta taɓa ni, don mahaifinmu hawan jini ne ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki, shi ma a kan keken nan ya yi rayuwarsa. Ban taɓa haɗa abin da kaina ba sai da kika faɗa. Abokin nawa na nuna masa abin da kika rubuta, ya yi shiru, ya ce shi ma sau biyu ya taɓa shan ƙwayar.

Lemo yau kwana tara ban sha ba. Kwana ukun farko sun yi min wuya, wajen azahar kaina ya riƙa sarawa, yaran shago suna sha a gabana. Yanzu na sa an daina shigo da shi shagon, mai so ya sha a waje. Maiɗakina ta karɓi maganar mai fiye da yadda na zata, har ta ce ita ma za ta bi. Safiyar Juma'a sikeli ya nuna 88.1, tef kuma 38 da rabi, na rubuta a shafin ƙarshe na littafin awo.

Ɗan Mahauta, maganarka ta jikin yaro ta zauna min. Ina nan zuwa Kufena ran Lahadi in Allah ya kai mu, amma saukowa nake tsoro saboda gwiwar. Baba Koci, in je ko in bari tukuna?

Baba Koci, Sabon Gari:

Je ka, amma kada ka kai ƙololuwa a karon farko, rabi ya isa. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, don haka ka riƙe sanda, ka sauko a karkace da ƙananan taku, ƙafar hagu tana fara sauka. Ku fita da an idar da asuba ku dawo kafin tara, da ruwa lita ɗaya da rabi a hannunka. In gwiwar ta kumbura ran Litinin ka gaya min kafin ka je atisaye.